Gwaggo Mai Rijiyar Tashar Ƙirya

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta rasu a ɗakina a Koki da hantsin wata Talata cikin damina, a shekarun nan da ake ta tara dalar gyaɗa a bayan gari, kafin mulkin kai. Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Sahun sallarta bai yi tsawo ba, don a birni ba a san ta ba.

Matan unguwa sun shigo mini gaisuwa, Allah ya saka musu da alheri. Kowacce ta durƙusa ta ce, "Ya muka ji da haƙuri?" ni kuma in ce, "Da godiya." Maƙwabciyata ta ce, "Baiwar Allah ke nan, ba ruwanta da kowa. Ita dai a bar ta da mazarinta." Wata ta karɓe, "Ni fa tunda aka kawo ta gidan nan ban taɓa jin muryarta ba." Yabo suke yi, na sani, amma sai na ji kamar ana yanka ni. Matar da ake jiyo kiranta a kan ƙugin jirgin ƙasa, ita ce yau ake yabo da rashin murya.

Da yamma maigidana ya leƙo ya ce wani tsoho yana soro, wai yana neman 'yar marigayiya. Na yafa mayafi na tsaya a bayan ƙofa. Tsoho ne dogo, da tabon ƙuna tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Ya ce daga Fagge yake, da can shi ne mai zuba wa jirgi gawayi a layin da ya bi ta garinmu. A bakin masallaci ya ji ana cewa wata tsohuwa 'yar Ƙirya ta rasu a Koki, ya bi tambaya har ya zo. Ya buɗe baki zai yi addu'a, kuka ya ci ƙarfinsa. Da ƙyar ya ce, "Ba wanda ya taɓa zagina kamar matar nan, kuma ba wanda ya taɓa yi mini abin da ta yi mini."

Sai washegari yayana ya iso. Motarsa ba ta iya shiga lungunmu ba, leburori ne suka shigo da buhun shinkafa da ƙwaryar goro. Ya zauna a soro cikin babbar riga, mutane suna ta miƙa masa hannu, "Alhaji, ya haƙuri? Uwa ce ta tafi." Ina tsakar gida ina dakan gumba na jiyo muryarsa yana cewa, "Ai ni ta haifa. Duk abin da na zama a duniya, ita ce." Na ajiye taɓarya na shiga ɗaki. Tun daga ranar na ƙudura cewa sai na faɗi wace ce Gwaggo, don kada a bar labarinta a bakin waɗanda ba su san ta ba, da bakin wanda ya san ta fiye da kowa.

Mu asalinmu makiyaya ne. Mijin Gwaggo ne ya gaji da yawo ya kafa bukka gabas da Kano, a gindin wata babbar bishiyar ƙirya, ya haƙa rijiya don shanunsa. Allah ya sa ya dace da ido mai ƙarfi, ruwa garai-garai da ba ya ƙafewa ko a tsakiyar bazara. Ya rasu ya bar ta da rijiyar da 'yan shanu kaɗan. 'Ya'yan da ta haifa ba wanda ya zauna. Saboda haka da mahaifiyarmu ta rasu wurin haihuwata, mahaifinmu ya ɗauki yayana, yana ɗan yaye, ya ɗora mata a cinya ya ce nata ne har abada. Ni daga baya na bi shi, da na fara wayo. Shi Inna yake ce mata. Ni kuwa sunan mahaifiyar su Gwaggo aka sa mini, don haka Uwata take kirana, ko tana yi mini faɗa.

Labarin zuwan jirgi ban gan shi da idona ba, amma na ji shi a bakinta har na haddace. Da aka shimfiɗo layin dogo ya iso wajen, sai ga Bature da tafinta da dagaci sun zo bakin rijiya. Jirgin lokacin da ruwa da gawayi yake tafiya, kuma duk yankin babu ruwa irin nata. Tafinta ya ce za a kafa tanki a ja ruwa, me take so a ba ta? Dagaci yana ta ƙifta mata ido ta yi shiru, ba a jayayya da Nasara. Ita kuwa ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, "Ka gaya masa ruwa ba na sayarwa ba ne. Amma a gidanmu baƙo ba ya shan ruwa a tsaye ya wuce. In zai sha, ya tsaya a gaisa, mai hawa ya hau, mai sauka ya sauka." Bature ya yi dariya har hularsa ta kusa faɗuwa, ya ce an yarda. Iyakar yarjejeniyar ke nan. Haka aka yi Tashar Ƙirya: ɗaki biyu da rufin kwano, dakali mai tsawo, da tanki bisa ƙafafun ƙarfe da leburori ke cikawa da famfon hannu.

Na tashi na tarar wurin ya zama gari. Ga sikelin gyaɗa, ga mahauta, ga masu rake da dafaffen ƙwai, ga masallaci. Gwaggo ce uwar tasha ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Kullum da safe sai ta share dakalin nan kakaf, ko da yake akwai wanda aka ɗauka aikin shara. In ya yi ƙorafi ta ce, "Kai don albashi kake yi, ni ƙofar gidana ce." Kafin kowa ya ji ƙugin jirgi, sai ka ga ta ɗaga kai ta ce, "Ku tashi, bijimina ya taho shan ruwa." Ta ɗauki ƙwaryar fura ta bi taragu tana kira, mu muna biye da ludaya. Wanda ta ga alamar yunwa a idonsa ba ta jiran ya laluba aljihu. Takan ce, "Matafiyi maraya ne har ya sauka."

Faɗanta kuwa ba a cewa komai. Tsohon nan mai tabon ƙuna, yana saurayi ya taɓa dirowa daga kan jirgi ya tsoma hannuwansa baƙi ƙirin da gawayi cikin komin da shanu ke sha. Gwaggo ta gan shi. Ta bi shi da muciya har gindin jirgi, tana zazzaga masa Fillanci da Hausa a haɗe, fasinjoji suna leƙowa ta taga suna shewa. Damina guda ba ta sayar masa da fura ba, in ya aiko wani ma sai ta gane ta mayar da shi. Ana nan sai wata rana tururi ya fashe masa a hannu, aka sauke shi a tasharmu fata na saɓulewa, don ba zai kai asibitin Kano a haka ba. Ita ta sa aka shimfiɗa shi a bukkarta. Ta yi ta shafa masa zuma da man shanu, tana kore masa ƙuda da mafici, tana ba shi kunu a baki har ya tashi. Ranar da zai tafi ya durƙusa zai yi godiya, ta ce, "Tashi ka ba ni wuri. Kuma ko yanzu ka sake taɓa mini komi sai na karya ɗaya hannun."

Akwai kuma ranar da aka sauko da gawar wani fasinja da ya cika a cikin tarago. Ba wanda ya san sunansa ko garinsu, ba komai a jikinsa sai carbi da ɗan guntun goro. Maza suka tsaya cirko-cirko ana shawarar inda za a samo likkafani. Gwaggo ta shiga ɗaki ta buɗe tukunyar da take ajiya, ta fito da farin sawayen da ta kaɗa zarensa da hannunta ta tanada don kanta. Wata ta ce, "Ke kuma fa, in taki ta zo?" Ta ce, "Ni a gida zan mutu, cikin dangi. Shi wa gare shi?" Aka binne shi a bayan ƙirya. Duk ranar Juma'a takan je ta cire ciyawar da ta fito a kan kabarin.

A wannan dakalin yayana ya girma. A nan ya koyi ɗaga buhu, ya koyi duba ƙwayar gyaɗa, ya koyi 'yan kalmomin Turanci a bakin akawun tasha. Da ya isa neman na kansa, Gwaggo ta kora shanunta kasuwa, har da karsanar da take ji da ita, ta ce ya je ya yi jari. Allah ya buɗa masa. Ya zama babban mai sayen gyaɗa a yankin, ya je Makka, ya sayi babbar mota, ya ƙara wata. Duk wanda ya sauka a jirgi sai Gwaggo ta nuna masa motar ta ce, "Ta yaron nan ce." Ba ta taɓa kama sunansa ba, kunyar ɗan fari take yi masa, shi da ba ita ta haife shi ba.

Lokacin an riga an yi mini aure an kawo ni birni, amma ina zuwa ganin gida a kai a kai. Na ga sanda aka fasa sabon titin mota can nesa da dogo, na ga yayana ya ɗauke sikelinsa ya mayar bakin titi. Aka fara raɗe-raɗin za a rufe ƙananan tashoshi. Ina zaune Gwaggo ta tambaye shi, ya dafa gwiwarta ya ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki. Muddin ina numfashi jirgi ba zai daina tsayawa a ƙofarki ba. Manyan ma'aikatan jirgi za su zo dubawa, ni zan yi magana da bakin gari." Ranar da manyan suka zo, Bature ɗaya da akawunansa, tun da sassafe Gwaggo ta dama fura a sabuwar ƙwarya, ta sa nono mai kauri, ta ba yayana ya shigar musu da hannunsa. Da suka fito ya ce mata komai ya tafi daidai.

Bayan kaka aka rufe tashar.

Ba wanda ya zo ya gaya mata ranar. Ina can na je wankan jego. Ta share dakali kamar kullum, mata suka jera ƙore, ta ɗaga kai ta ce ya taho. Jirgi ya fito daga kwana, muka ga bai rage gudu ba. Direban ya saki kuka mai tsawo tun daga nesa har ya wuce ƙirya, ya fito da hannu ta taga yana ɗaga mata. Iskarsa ta kwashe faifan da ke kan ƙore ta watsar. Gwaggo tana tsaye da ƙwarya a ka har hayaƙin ya ɓace. Sannan ta ce, "Wataƙila yau ba ya jin ƙishirwa." Washegari ma ta sake damawa.

Akawun tasha mutumin kudu ne, ya daɗe a cikinmu, Gwaggo ce ta karɓi haihuwar 'ya'yansa duka. Ranar da ya ɗaure kayansa ya zo sallama, ya tsuguna a ƙofar bukka ya kasa tashi. Ya ce, "Mama, kada ki riƙe ni a zuciya, ba ni ba ne. Ina cikin ɗakin ranar da manyan nan suka zo. Sun ce kaya sun ragu, amma za su bar tashar saboda ruwa, don babu kamarsa a layin. Ɗanki ne ya ce musu ruwan ya juya ya yi zartsi, kanwa ta hau shi, zai ci musu tukunyar jirgi. Ya ce garin ma kowa ya daina sha." Ya share ido ya ƙara da cewa, "Suna shan furarki yake faɗa."

Dalilin bai ɓuya ba. A babbar tashar da ke gaba yayana ya riga ya kafa sito. In aka rufe Ƙirya, duk manomin yankin dole ya ɗora gyaɗarsa a motar Alhaji kafin ta ga jirgi.

Gwaggo ta tashi ta je rijiya ta ja guga da kanta, ta cika ƙwarya, ta ɗora a ka, ta kama hanyar bakin titi. Na goya jaririna na bi ta. Muka same shi a rumfa cikin mutanensa, ana awo. Ta sauke ƙwaryar a gabansa ta ce, "Sha."

Ya miƙe yana murmushin dole. "Inna, da kanki? Ai da kin aiko. Mu shiga ciki."

"A nan za ka sha. Sha ka nuna mini inda zartsin yake."

Yayana ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, zamani ne ya juya. Ko ban faɗa ba, wata rana rufewa za su yi. Ki bari in gina miki ɗaki a nan kusa da ni, ki huta haka nan."

Ta ce, "Da ka ce musu na tsufa, da gaskiya ka faɗa. Da ka ce gyaɗa ta koma mota, da gaskiya ka faɗa, ba zan ce maka komai ba. Rijiya me ta yi maka? Da ruwan nan na yaye ka. Da shi na wanke allonka ka sha. Mutum in aka yi masa ƙazafi yana da bakin rantsuwa. Ita da wane baki za ta kare kanta?"

Bai sha ba. Ta jira, ta jira, sannan ta tuntsurar da ƙwaryar a gaban takalminsa, ta juya. Ko ƙwaryar ba ta ɗauka ba. Iyakar sanina wannan ce maganarsu ta ƙarshe a duniya.

Maigidana yakan ce mini in yi adalci, wai tashoshi da yawa an rufe su ba tare da kowa ya yi ƙarya ba, kuma mota ta zo ke nan ba mai mayar da ita. Na yarda. Amma abin da ya biyo baya fa? Da aka yi gwanjon kayan tasha, yayana ne ya saye kwanon rufin ya kai sitonsa. Mahauta suka tashi, masu rake suka tashi, liman ma ya bi jama'arsa bakin titi. Mutanen da suka yi arziki a inuwar rijiyar nan, waɗanda ta yi wa matansu unguwarzoma, su ne suka koma cewa tsohuwa ta taɓu, tana share kango tana jiran jirgi. Kuma don kada Alhaji ya ji kunya, sai gari ya ɗauki ƙaryarsa ya mayar gaskiya. Har matan da suka sha ruwan nan tun suna 'yan mata suka riƙa cewa ai dama yana da ɗan ɗaci-ɗaci.

Da muka ji ta fara faɗuwa in ta je jan ruwa, muka je ɗauko ta ni da maigidana. Ta yi gardama, sai da na yi kuka na ce, "In ni uwarki ce kamar yadda kike faɗa, to na umarce ki." Da muka fito titi, duk motar da za ta Kano ta yayana ce. Ta dubi motar ta ce ƙafarta ba za ta taka ba. Jaki muka nema. A kansa ta shigo birni ta Ƙofar Wambai, tsohuwa tukuf, maigidana yana riƙe da igiya, ba ta ɗaga ido ta kalli ganuwa ba.

A Koki ta zama wadda maƙwabtana suka sani. Ta zauna a lungun ɗaki da mazari da alli, tana kaɗi daga safe har yamma. Ruwan famfo ba ta shansa sai dole, takan kurɓa ta yamutsa fuska ta ce, "Ruwan da ba a san uwarsa ba." In iska ta kaɗo daga wajen Ƙofar Nassarawa akan jiyo kukan jirgi daga babbar tasha. Sai mazarin ya tsaya cak a hannunta har kukan ya mutu, sannan ta ci gaba. Sau da yawa maigidana ya ce zai kai ta ta gani, ta ce a'a, wanda ya wuce ƙofarka bai gaishe ka ba, ba ka bin sa gidansa. Yayana yakan aiko da atamfa da buhun gero duk salla. Takan sa a miƙa wa maƙwabta ba tare da ta taɓa ba. Shi da kansa bai taɓa zuwa ba. Wata 'yar garinmu da ta zo asibiti ita ta kawo labarin cewa akuya ta faɗa rijiyar, an ga ba mai amfani da ita, an cike ta da ƙasa. Ranar Gwaggo ba ta ci abinci ba, ba ta kuma yi kaɗi ba.

Da ciwo ya kwantar da ita muka ga alamar ba tashi, maigidana ya aika wa yayana cewa ya zo maza. Amsa ta dawo cewa yana kan lodi, in ya sallami motoci zai taho. Da safen da za ta cika, maigidana ya zauna a gefenta ya yi mata kalmar shahada ta amsa, sannan ya ce, "Gwaggo, ki yafe wa duk wanda ya saɓa miki, Allah ya yafe miki."

Ta ce, "Na yafe wa jirgi, ƙarfe ne. Na yafe wa Bature, baƙo ne, abin da aka gaya masa ya ji. Mutanen gari ma na yafe musu, tsoro ne."

Ba ta ambaci yayana ba. Na matsa kusa da kunnenta na ce, "Yaya fa, Gwaggo?"

Ta juya ido wajen ƙofa ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Uwata, nasa na ajiye masa. Ya zo da kansa ya karɓa."

Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa fatiha mutane sun watse, yayana ya shigo cikin gida ya tsaya a ƙofar ɗakina. Ya cire takalmi amma bai shigo ba. Ya dubi lungun da take zama. Babu mutanensa a kusa, sai na ga ashe shi ma ya tsufa. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kina wurin. Ta yafe mini?"

Na san abin da ake so 'yar'uwa ta ce a irin wannan wuri. Kalma ɗaya ce, da ya tafi da ita ya yi barci. Amma ƙarya ɗaya ta riga ta isa gidanmu. Na gaya masa yadda ta faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba.

Ya ce, "To yanzu ina zan je in karɓa?"

Na ce, "Ban sani ba, Yaya."

Ya sa takalminsa ya fita.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata kabari, ya shayar da ita daga tafkin da ba ya gurɓata, kamar yadda ta shayar da bayinsa ba ta tambayi sunansu ba. Abin da ke tsakaninta da ɗanta kuwa, yana wurin wanda ba a yi masa ƙarya.